Suna Zuwa Awo, Suna Haihuwa a Gida: Yadda Ma'aikacin Lafiya Zai Yi Bincike a Mazaɓarsa

A yawancin ƙananan asibitocin karkarar Kano da Jigawa, ranar awo benci ba ya isa, amma gadon haihuwa sai ya yi kwanaki ba wadda ta hau shi. Ka tambayi ma'aikaci dalili, amsar na bakinsa: "Jahilci ne, mutanen nan ba su waye ba." Sai dai matar da ta ajiye surfe da girki, ta tako tun daga ƙauyensu don a auna ta, da wuya a ce ba ta san amfanin asibiti ba. Akwai abin da ke faruwa tsakanin awon ƙarshe da daren naƙuda, kuma rajistar asibiti ba ta da labarinsa, domin waɗanda suka zo kaɗai take gani.

Bincike shi ne ka yi tambayar da ba ka san amsarta ba, ka bi tsarin da in wani ya bi bayanka zai iske abin da ka iske, sannan ka shirya aikin yadda in zatonka kuskure ne zai fito fili. Sharaɗin nan na uku shi ne mai wuya. Wanda ya fita neman hujjar abin da ya riga ya yanke ba bincike yake yi ba, ko da ya cika fom ɗari.

Kusan duk abin da ke cikin kabad ɗin maganinka ta wannan hanya ya iso. Allurar magniziyam salfet da ake yi wa mai ciki mai jijjiga an gwada ta a kan mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, sakamakon ya fito a 2002, ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi ga masu hawan jinin ciki. Da aka shigar da ita manyan asibitoci 10 na jihar Kano daga 2008, aka bi sawun abin da ya biyo baya, mace-macen masu wannan larura ya sauko daga kusan 21 cikin 100 zuwa kusan 2. Maganin zazzaɓin damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shi ba sai a 2012, bayan gwaje-gwaje a ƙasashen Afirka ta Yamma sun nuna yana kawar da kusan uku cikin huɗu na zazzaɓin cizon sauro. A Zamfara kuma, a 2010, yara suka yi ta suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ba su maganin zazzaɓi ba ya ci. Sai da wasu suka ƙi yarda da amsar da aka saba, aka gwada jini, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a tsakar gida. Yara sama da 400 suka rasu.

Waɗancan manyan ayyuka ne masu kuɗi. Naka ƙarami ne, littafi da biro sun ishe shi, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Da farko, matse tambayar

"Matsalolin haihuwa a ƙaramar hukumarmu" ba tambaya ba ce, kan magana ne. Tambayar da za ta amsu sai ta faɗi su wa, a ina, yaushe. Misali: cikin matan mazaɓar nan da suka haihu a wata shida da suka wuce, nawa ne suka haihu a gida, kuma me ya faru a ranar naƙudar da ya sa hakan? Kafin ka ci gaba, rubuta zatonka a shafin farko, ka sa kwanan wata. In kana ganin rashin izinin maigida ne, rubuta haka. Amfaninsa, in sakamako ya zo daban, ba za ka iya cewa dama ka sani ba.

Ka kuma tambayi kanka wa zai yi aiki da amsar. In ba abin da kai, ko kwamitin ci gaban mazaɓa, ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma za ku iya sauyawa, sake tambaya.

Na biyu, zauna da rajista

Ɗauko rajistar awo da ta haihuwa na shekara guda, ka ƙirga wata-wata: sababbin masu awo nawa, nawa suka kai zuwa huɗu, nawa suka haihu a wurinka, da rana ko da dare. Duk lambar da ka samu, bi ta da tambaya ɗaya: cikin nawa? Haihuwa 120 a shekara abin yabo ne a mazaɓar da mata 200 suka haihu, abin kuka ne a wadda 900 suka haihu.

Ƙiyasin da ake aiki da shi a tsarin lafiya matakin farko shi ne masu ciki kashi 5 cikin 100 na jama'a, 'yan ƙasa da shekara ɗaya kashi 4. Mazaɓa mai mutum 20,000 ke nan ana sa ran masu ciki 1,000 a shekara. Amma ka yi taka-tsantsan da wannan, domin jimillar jama'ar kanta hasashe ce da aka ɗora a kan ƙidayar 2006. Lissafin da ya fi shi kusa da gaskiya yana wurin masu unguwanni, limamai da wanzamai. Jaririn da ya kwana bakwai a duniya da wuya ya wuce su ukun nan.

Ga wani abu da ke ruɗa lissafi, wanda baƙon mai bincike ba zai lura da shi ba: goyon ciki. Mai cikin fari takan yi awo a garin mijinta, wata na bakwai ko na takwas a kai ta gidan iyayenta, ta haihu can, ta yi wankan jego can. A rajistarka za ta bayyana kamar wadda ta guje ka, alhali mai yiwuwa a wani asibitin ta sauka. Haka kuma wasu da suka haihu a hannunka ba a wurinka suka yi awo ba. Ware masu cikin fari a layi daban tun yanzu.

Na uku, duba abin da aka riga aka sani

Wannan ba ya buƙatar dogon zama. Binciken lafiyar iyali na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ke gudanarwa kusan duk shekara biyar yana intanet kyauta. Na 2018 ya nuna mata 39 cikin 100 ne suka haihu a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa 16. Akwai kuma wani tsari da masu bincike ke aiki da shi tun 1994, wanda ya kasa jinkirin da ke kashe masu haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar a tafi, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Riƙe ukun nan, za su yi maka amfani wajen tsara amsoshi.

Na huɗu, izini da yarda

Nan zan daɗe, saboda a Kano maganar nan tana da tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke birni, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu cikin waɗanda aka ba sabon maganin, wasu cikin waɗanda aka ba wanda aka saba. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki kuma cutar ce ta kashe yaran. Aka yi ta shari'a har 2009, da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, labarin nan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Saboda haka dattijon da ya tambaye ka "me za ku yi da sunayenmu?" ba taurin kai yake yi ba, tarihi yake tunawa.

Yanzu akwai doka. Najeriya na da kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, da kundin ƙa'idoji tun 2007, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙarfafa shi. Ma'aikatar Lafiya ta Kano da ta Jigawa kowace na da kwamitinta, haka Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ƙirga rajistarka don gyara aikinka yana cikin aikinka na yau da kullum. Amma da zarar za ka shiga gidaje da tambayoyi, musamman in kana da niyyar wallafawa ko miƙa shi a makaranta, rubuta shafi biyu ko uku da ke bayyana tambayar, su wa za a tambaya, da yadda za a kare sirrinsu, ka bi ta hannun shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma zuwa kwamitin. Ɗibar jini ko gwada magani kuwa, kada ka ko kusance shi ba da rubutacciyar amincewa ba.

Daga nan sai fada. A fara da hakimi ko dagaci, shi zai haɗa ka da masu unguwanni, a kuma sanar da limamai. Faɗi gaskiya ƙarara: "Ranka ya daɗe, ba rabon kaya muka zo yi ba, ba kuma rubuta sunaye don tallafi ba. Tambaya muka zo yi, kuma in mun gama za mu dawo nan mu faɗi abin da muka samu." Mutanen karkara sun gaji da masu rubuta suna su ɓace. In aka zaci tallafi ne, kowace mace za ta ba ka amsar da take ganin za ta sa a saka ta a layi.

Izinin dagaci na shiga gari ne, na maigida na shiga gida ne. Ba ɗayansu da ke maye gurbin yardar matar da za a tambaya. A karanta mata bayani da Hausa, ko da Fulatanci in a ruga ne, a gaya mata tana iya ƙi, tana iya tsayawa a tsakiya, kuma ƙin nata ba zai taɓa yadda za a karɓe ta a asibiti ba. In ta yarda ta sa hannu da boko ko ajami, ko ta dangwala a gaban shaida. Da yawa cikin masu haihuwar fari ba su kai shekara 18 ba, don haka ka nemi kwamitin ya faɗa maka a rubuce yadda za a karɓi yardarsu. A takardar amsa lamba za a sa, ba suna ba. Takardar da ta haɗa suna da lamba ta zauna a kulle a wurinka kai kaɗai, kuma kada hoton kowa ya hau WhatsApp.

Na biyar, su wa za a tambaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a bakin asibiti ranar rigakafi a tambayi waɗanda suka zo. Sauƙi gare shi, amma waɗanda kake nema su ne ba sa nan. Mai sayen gero a kasuwar Gujungu ba ya yarda da na saman buhu, sai ya zira hannu har ƙasa. Ƙasan buhunka su ne unguwannin bayan rafi, rugage, da ƙauyen da babur ba ya shiga in ruwa ya sauka.

Haɗa jerin duk matan da suka haihu a wata shidan daga bakin masu unguwanni da ungozomomi, har da waɗanda jaririnsu bai zo da rai ba ko ya koma kafin suna, waɗanda ba za ka same su a lissafin liman ba. In ba su wuce 100 ba, a tambaye su duka. In sun fi haka, a ba kowace mace lamba, a rubuta a ƙananan takardu, a zuba a ƙwarya, yaro ya ɗebo. Wadda ƙuri'a ta faɗa wa ita za a nema, ko sau uku za a koma. Kada a musanya ta da maƙwabciyarta don ita ce a gida. Ka san kuma iyakar ƙarfin lambarka: da mutum 100, abin da ka samu zai iya kauce wa gaskiya da kusan 10 cikin 100 sama ko ƙasa, sai an kai wajen 400 yake saukowa zuwa 5. Don gyaran aikin mazaɓa ɗaya 100 ta isa, amma ba ta isa ka yi magana da sunan jiha ba.

Na shida, tambayoyin da mai yin su

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma gidajen ba-shiga ne, don haka mata za su yi tambayar. Amma kada ta zama ma'aikaciyar da ke karɓar haihuwa, kada kuma ta sa farin kaya. Ba maijegon da za ta dubi idon wadda ta yi mata awo ta ce tsawarki ce ta hana ni dawowa. Malamar Islamiyya ko ɗalibar makarantar koyon aikin lafiya daga wata mazaɓar ta fi. A zauna inda uwar miji da kishiya ba sa ji, in ba haka ba amsar da za a samu ita ce "lafiya lau".

Tambayoyin kada su wuce goma sha biyar, kuma da Hausa za a tsara su tun asali. A fara da gaisuwa yadda ta kamata: barka da arziki, ya ruwan zafi, ya jaririn. Sai masu sauƙi: haihuwa ta nawa, awo sau nawa (a duba kati in yana nan), a ina aka haihu, wa ya karɓa, da me aka yanke cibi, me aka sa masa. Sannan babbar tambayar, wadda ba a ba ta zaɓi: "Ba ni labarin ranar, tun daga lokacin da kika fara jin ciwo." A bar ta ta yi magana, a rubuta kalmominta yadda ta faɗe su. Kwatanta wannan da "kin san haihuwa a asibiti ta fi, me ya hana ki zuwa?" Ta biyun tuhuma ce, kuma amsarta kullum "naƙudar ce ta zo da sauri".

A cikin labarin ne abubuwa ke fitowa: maigida ya tafi cirani kuma ba wanda zai ce a tafi, an je da dare an tarar da ƙofa a rufe, namiji ne ke aiki, ba kuɗin safar hannu da sauran kayan da aka rubuta, tsoron ƙari da ɗinki, ko kuwa ta saba haihuwa a durƙushe an ce sai ta kwanta. Wanne ne ya fi yawa a mazaɓarka, wannan shi ne abin da ka fito nema.

Abu biyu na al'ada su zauna a kan mai tambaya. Kunyar ɗan fari takan sa uwa ta tsallake shi in tana ƙirga 'ya'yanta, kuma ba a son lissafa waɗanda suka rasu. Sai an tambaya a hankali: "Akwai wanda ya koma? Akwai ɓari?" Na biyu, kwanan wata. Kada a ce wane wata ne na Bature. A auna da azumi, ƙaramar Sallah, Sallar layya, Mauludi, shuka ko girbi. In shekarun yara ake nema, kullen korona na 2020, ambaliyar 2022 a yankin Haɗeja, da wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 duk alamomi ne da ba a mantawa.

Gwada tambayoyin a kan mata biyar a wata unguwa kafin a fara, ka gyara duk wadda aka yi wa "na'am?". A guji ranar kasuwa da safiyar Juma'a. In kuma aka tarar da maijego tana zubar da jini, ko jariri ya ƙi kama nono, an ajiye biro ke nan, a nemi mota.

Na bakwai, lissafi da tarkonsa

Kowace yamma a duba takardun ranar, a cike giɓi tun ana tunawa. Lissafin kansa babban littafi ya isa: layi ɗaya mace ɗaya. Ƙirga, ka mayar kashi cikin ɗari, sannan ka rarraba: na kusa da na nesa, naƙudar dare da ta rana, masu fari da waɗanda suka saba, damina da rani. Labaran kuma a karanta su ɗaya-ɗaya, a sa kowanne ƙarƙashin jinkirin da ya dace, a buɗe sabon gida ga wanda ya ƙi shiga ko'ina. Waɗannan da suka ƙi shiga sukan fi sauran amfani.

Mu ƙaddara ka tambayi mata 90, ka tarar jariran da suka rasu sun fi yawa cikin waɗanda aka haifa a asibiti. Mai gaggawa zai ce asibiti ke kashewa, kuma haka ake faɗa a zaure. Koma ka duba labaran. In mai sauƙin naƙuda tana sauka a ɗaki, ba a ɗauko mace sai ta kwana biyu a kan gwiwa, to asibitin masu wahala kaɗai yake karɓa, kuma a makare. Abu biyu su zo tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Duk inda ka ga bambanci, tambayi kanka me kuma ya raba rukunin nan biyu tun kafin abin ya faru.

Sai ka buɗe shafin farko ka karanta zatonka. In ya faɗi, rubuta cewa ya faɗi. In kuma yatsa ya nuno asibitinka, wato dare ba kowa ko bakin ma'aikata ba daɗi, wannan ma a rubuta shi da girman da ya zo.

Na takwas, mayar da shi inda aka ɗauko shi

Cika alkawarin da ka yi a fada. Zama biyu ake yi, na maza a ƙofar dagaci, na mata a Islamiyya ko ranar awo, ba tare da ambaton suna ko wata alama da za ta sa a gane mai magana ba. A ƙauye "wata mai 'yan biyu a bayan masallaci" suna ne. Kwafi ɗaya ga kwamitin mazaɓa, ɗaya ga ƙaramar hukuma, ɗaya ga kwamitin da ya ba da izini.

A zaɓi gyara ɗaya, ba biyar ba, don a san wanne ya yi aiki. In mota ce matsalar, a zauna da direbobin tasha a raba lambobin waya, a Jigawa kuma a bincika ko shirin Haihuwa Lafiya, mai kai masu naƙuda asibiti, yana aiki a yankin. In izini ne, limamai su ja hankalin magidanta su bar izini da ɗan kuɗi a hannun wani kafin tafiya cirani. In dare ne, a sake jadawalin aiki. Bayan shekara a sake aunawa da tambayoyin nan dai, a irin watannin da aka yi na farko, domin kwatanta Agusta da Fabrairu auna hanya ne, ba auna gyara ba.

Matakan nan ba na haihuwa kaɗai ba ne. Jami'in walwalar jama'a da ke son sanin tsofaffi nawa ne ba su da mai dafa musu, ko masu taɓin hankali nawa ke ɗaure a ɗaki ba a kai su asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure ba, haka zai bi. Nasa ma ya fi buƙatar shiga gida-gida, tunda mutanensa ba su da rajistar da za a fara da ita. Inda mutum ba zai iya ba da yarda da kansa ba, a nemi ta mai kula da shi, a kuma yi masa bayani gwargwadon fahimtarsa, in ya nuna ba ya so a ƙyale shi.